Iri ɗaya muka saya, nasa na gudu nawa na mutuwa

Ɗan Mabera: Salamu alaikum, a taimaka. Ni da ɗan baffana, wanda muka tashi gida ɗaya kuma shi ya koya mini haɗa bidiyon biki, rana ɗaya muka sayo furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel Core i7-8700K guda biyu, na hannu, wurin mutum ɗaya a Kano. Kuɗin ragon layyata na zuba ciki. Da muka ƙara musu gudu fiye da na kamfani, nasa ya hau gudun 5.0GHz a ƙarfin wuta 1.35V yana zaune lafiya. Nawa da ya wuce 4.8 sai shuɗin allo, wato kwamfutar ta tsaya cak. Jiya ina tsakiyar fitar da bidiyon wata amarya kwamfutar ta ɗauke. An cuce ni ne?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ba wanda ya cuce ka, ƙanena. Ko daga faifan silikon (abin da ake ƙera furosesa da shi) ɗaya aka yanko su, ba sa fitowa daidai: wani wuta kaɗan ta ishe shi, wani sai an ɗura masa. Intel 4.7 ta yi alkawari, shi ma a kan ɗaya cikin ƙwayoyin aiki shida da ke cikin furosesan. Abin da ya haura haka rabo ne.

Na Arkilla: Wace madabod, wato babban allon da furosesan ke zama a kai, gare ka? Wace fanka? Ba ka faɗa ba. Kuma ɗakin ɗan uwan naka da AC ko babu? Zafin Sakkwato a Afrilu kan haura digiri 40, ga ƙura ta toshe fanka.

Abu Gyara: Ɓalle murfin furosesan ka canza man ciki mai fitar da zafi, zafin zai sauka sosai.

Injiniya: Kada ka soma! Hannu ya goce ka yi asarar rago. Ko ya yi sanyi, mai neman wuta da yawa ba ya canza hali. Tsakanin 4.8 da 5.0 kashi 4 ne cikin 100, amarya ba za ta gane ba.

Ɗan Mabera: Yaya Injiniya, ni ba amarya ce damuwata ba, kuɗi ɗaya muka biya. Na ma kai wutar nawa 1.42V, ya taɓa digiri 97 amma ya ɗan jima bai mutu ba.

Injiniya: Innalillahi. A digiri 100 yake rage gudu da kansa. Rage masa wutar.

Na Arkilla: Har yanzu dai wace madabod?

Ɗan Mabera: Bari wuta ta dawo in duba.