Neman shawara: na kashe Alhaji a babi na uku, yanzu na rasa yadda zan kama wanda ya kashe shi

Maman Ilham, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kada taken ya tsorata ku, littafi nake rubutawa. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Tun ina 'yar sakandare nake son labarin binciken kisa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma yana da wani akwatin ƙarfe cike da tsofaffin littattafan Turanci da wani ubangidansa ya bar masa. Gara ta ci rabin wasu. A ciki na fara haɗuwa da tsohuwar nan ta cikin littattafan marubuciyar Ingila Agatha Christie, wato Miss Marple, mai zama da saƙarta a ƙauye tana gano mai laifi kafin 'yan sanda. Abin da ya burge ni shi ne babu jini faca-faca, babu harbe-harbe, har dariya kake yi, amma kanka na aiki. Bayan na yi aure na rubuta littattafan soyayya guda biyu a WhatsApp, na biyun ma bai karɓu ba saboda lokacin ina laulayi, sai in yi sati ban saki shafi ba.

To bana na ce bari in gwada irin wancan da Hausa. Jarumata dillaliya ce, Iya Hajjo, mai shekara sittin da ɗoriya, ga surutu ga son goro, tana shiga gida-gida da ƙullin atamfa da kwanuka. Wani Alhaji mai gidajen haya ya faɗi ya mutu bayan walima, kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ita kaɗai ta ce akwai lauje cikin naɗi. Na saki shafukan farko kyauta, sannan mutum 63 suka biya naira 500 kowannensu don su karanta ci gaban. Yanzu ina babi na tara na tsaya cak. An binne Alhaji tun kafin la'asar, babu likitan da ya duba shi, to da me Iya Hajjo za ta kafa hujja? Ga wasu sun fara cewa ina wasa da mutuwa. Ga kuma wata 'yar magana da ta taso a gida. Masu biya kullum sai sun tambaye ni ci gaba. In mayar musu da kuɗinsu ne ko yaya?

Ummu Sudais:
Wa alaikumus salam. Kada ki mayar da ko sisi. Ni nawa da na sayar, ranar da na saki shafin farko na kuɗi, kafin magariba na gan shi a wasu zaurukan WhatsApp har uku, an ma goge sunana. Wadda ta fitar kuwa na san ta, har gidanmu take zuwa. Mutum 63 suka biya ki, amma wallahi masu karantawa sun fi ɗari uku. Su suke bin ki bashi ko ke kike bin su?

Baban Walid, Malali:
Malama, shekara goma sha shida ina koyar da adabi, bari in gaya miki gaskiya: matsalarki ba ta gawa ba ce. Kin fara gini ne ba ki haƙa tushe ba. Irin wannan labari daga ƙarshe ake soma shi. Kafin ki rubuta kalma ɗaya dole ki san wa ya yi, don me, da me, kuma wane kuskure ya tafka. Sannan ki dawo farko ki riƙa yafa alamu kamar mai yafa iri.

Kuma abin yana da ƙa'ida. A 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labaran ne, ya jera dokoki goma. Daga ciki: dole mai laifin ya kasance an ambace shi tun farkon labari, ba a yarda aljani ko wani abin gaibu ya warware magana ba, ba a kawo gubar da duniya ba ta san ta ba, kuma duk alamar da mai bincike ya gani, dole a nuna wa mai karatu. Ki auna littafinki da waɗannan. Na tabbata ya faɗi a biyu ko uku.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Na gode Malam, amma ai na san wanda ya yi. Wato ina da mutum biyu a raina, ban dai tsayar ba tukuna. Haka nake rubutu ni, labarin ne yake ja na.

Baban Walid, Malali:
Mutum biyu a ranki yana nufin ba ki sani ba. A soyayya labari zai iya jan ki, a nan ke za ki ja shi.

'Yar Rigasa:
Ni dai Anti, ki sa Iya Hajjo ta je wurin wani malami ya buga ƙasa, shi ke nan an huta. Mutanenmu abin da suke so ke nan. Wannan dokokin na Turawa su suka san su.

Baban Walid, Malali:
In malamin duba zai faɗa, me ya sa muka bi dillaliya babi tara? Sai mu tafi wurinsa tun shafi na biyu mu ajiye naira 500 ɗinmu.

Hajiya Uwani, Unguwar Sarki:
'Yata, ni ban karanta ba, jikata ce ta karanto min wani wuri, inda ake zaman makoki ita kuma dillaliyar tana ƙirga kwanukan abincin da maƙwabta suka aiko, tana cewa gidan wane sun yi rowar nama. Na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba, don na san masu yin haka. Amma bayan na yi dariyar sai jikina ya yi sanyi. Mijina shekara huɗu ke nan da rasuwa, na yi takabar wata huɗu da kwana goma, na san abin da ke cikin ɗakin nan. Mutuwa ba abar raha ba ce a wurinmu. Me zai hana ki mayar da shi satar sarƙar gwal, ko kuɗin adashi da suka yi ɓatan dabo? Iya Hajjo za ta yi bincikenta, mu yi dariyarmu, ba a taɓa mamaci ba.

Abu Sadik:
Maganar Hajiya abin dubawa ce. Akwai wani jerin littattafai da labarinsu ke faruwa a Botswana, na Alexander McCall Smith, na farko ya fito a 1998. Jarumar, Mma Ramotswe, ofishin bincike ta buɗe a Gaborone, kuma akasarin abin da ake kawo mata ba kisa ba ne: miji ya ɓace, wani ya yi sojan gona, ana zargin wani da ha'inci. Duniya ta karɓe shi. Ba lallai sai an zubar da rai ba.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Hajiya Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Wallahi ban yi don izgili ba. Amma ai na riga na kashe shi tun babi na uku, mutane sun karanta, ba zan iya tayar da shi ba. Kuma ba mamacin ake yi wa dariya ba, masu rai ake yi wa. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san ana salati ana kuma kallon wa ya zo da sabon leshi.

Sista Maijidda:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina ganin kin ɗauki binne gawa da wuri a matsayin cikas, alhali shi ne ƙarfin labarinki. A Ingila likita zai yanka ya duba, a nan ba kasafai ake yi ba, shi ya sa ake buƙatar Iya Hajjo. Gawa ta tafi amma masu rai suna nan. Wanda ya yi wanka ya ga jiki. Wanda ya ɗauke kofin ya san abin da ya rage a ciki. Almajirin gidan da aka ba sauran abinci, ya ci ko bai ci ba? In ya ci, lafiyarsa ƙalau? Ki ba Alhajin ciwon suga, kowa ya san shekara goma bai sha zaƙi ba, sai ga kofinsa ƙudan zuma na bi. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki rubuta sunan wani magani da adadinsa. Muna ganin abin da ake kawo mana asibiti, ba sai an ƙara koya wa kowa ba. 

Baban Walid, Malali:
Sista ta kusa, amma zuma ba ta kashe mai suga nan take, mai karatu mai hankali zai kama ki. Ita Christie da kike so, a ɗakin haɗa magani ta yi aiki a garinsu Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa ta ƙware a fannin guba. Ke ba ki da wannan, saboda haka ki bar guba ta zama ƙaramin abu, ki kama abin da kika sani. Dillaliya ta san wace mata ce ta sayar da ɗan kunnenta a ɓoye, wa ya ci bashi, wa ya biya bashi kwatsam bayan sadakar bakwai. Littafin bashinta shi ne ɗakin bincikenta. Miss Marple ma, tun littafinta na farko a 1930, da me take aiki? Da sanin halin mutanen ƙauyensu: wane ya yi kama da wane. Kuma hujjar kotu ba dole ba ce. Ki tara su ranar sadakar arba'in, ta jefa magana ɗaya da mai laifi kaɗai zai gane, ya tona kansa da bakinsa.

Sista Maijidda:
Malam ban ce zumar ce ta kashe shi ba, cewa na yi alama ce an ɓoye ɗacin wani abu. A riƙa karantawa kafin a gyara.

Ummu Sudais:
Tsaya tukuna. Maman Ilham, wace magana ce kika ce ta taso a gida? Kin wuce ta da gudu.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Ba wani abu ba ne. Gwaggon maigidana dillaliya ce, wajen Kasuwar Barci take saro kaya, sai wata ta kai mata gulma wai da ita nake. Don kawai ita ma tana da haƙorin Makka kuma tana cewa "ni 'yasu" in ta ji abin mamaki. Sannan mai gidan da muka taɓa haya ya rasu bara bayan wani biki, to iyalansa ma wai sun ji. Amma shi hawan jini ne, kowa ya sani. Maigidan dai ya ce in dakata.

Ummu Sudais:
Innalillahi. Wannan ne ba wani abu ba?

Hajiya Uwani, Unguwar Sarki:
'Yata, ki ɗauki turmin atamfa da goro ki je ki gaishe da gwaggon nan tun kafin magana ta yi tsami. Iyalan mamacin kuwa, ki ji tsoron Allah. Yau in kika ce uwargida ce ta kashe Alhajin littafi, gobe wace mata za a nuna da baki a unguwa?

Baban Walid, Malali:
A'a Hajiya, zuwa ba da haƙuri amsa laifi ne. Kowane marubuci daga mutanen da ya sani yake ɗiba. Abin yi shi ne ta karkatar da labarin: mai laifin ya fito daga wajen iyali, a ba Alhajin wata sana'a, a cire haƙorin Makka.

'Yar Rigasa:
Haƙorin ya riga ya fito a babi na ɗaya ai, har da shi a hoton bango. Ni ma surukata haka ta yi min kan wani rubutu da na sa a Facebook, wata biyu ba ta amsa gaisuwata, alhali da ƙanwata nake.

Maman Ilham, Tudun Wada:
Ni fa gaskiya ban ga abin da na yi ba. Dillalai nawa ne masu haƙorin Makka a Kaduna? Kuma Iya Hajjo ita ce mai hankalin labarin, ko da da ita nake ai yabo ne. Mutum biyun da nake tunani kuwa, ɗaya amaryar ce ɗaya ɗan haya, kuma amaryar ta fi dacewa, don na riga na sa ta tana wanke kofin da sauri a babi na huɗu.

Abu Sadik:
Shi marigayi mai gidan naku, yana da amarya?

Maman Ilham, Tudun Wada:
Yana da ita, amma ba su yi kama ba ko kaɗan, tawa fara ce. Sista don Allah in yi miki magana ta gefe kan zancen kofin? Na yi wa masu biya alkawarin babi na goma ranar Juma'a.

Ummu Sudais:
Shi maigidan da ya ce ki dakata fa?