Kano zuwa Jidda: kai tsaye ko ta Adis Ababa?

Maman Walid, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Zan kai Innata umara daga Gombe, shekarunta 74 ga ciwon gwiwa. Ejan ya ce akwai jirgi kai tsaye daga Kano, akwai mai yada zango a Adis Ababa, wai ya fi sauƙin kuɗi. Awa nawa kowanne ke ci?

Injiniya B.: Wa alaikumus salam. Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne a miƙe, a da awa 4 da rabi zuwa 5. Daga 2023 da yaƙin Sudan ya ɓarke jirage suka koma kewayawa, sai ki ƙara awa ɗaya ko fiye. Ta Adis kuwa wajen kilomita 3,300, sannan wasu 1,400 zuwa Jidda, banda zaman jira. Kada lokacin da ke jikin tikiti ya ruɗe ki, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2.

Alhaji na Pantami: Ku tafi a goman ƙarshe ta azumi, ladan ya fi.

Hajiya Mai Atamfa: Alhaji, lokacin da ƙafar saurayi ma ba ta samun wurin takawa? Mai ciwon gwiwa fa aka ce.

Malam S.: Hajiya, ba awannin sama ke wahalar da tsoho ba, ejan ne. Sai ya yanki tikiti biyu daban-daban, Kano zuwa Adis, Adis zuwa Jidda, ya ce ɗaya ne. Na farko ya yi latti, na biyu ya tashi, babu mai ba ku masauki. Tsohuwa ta kwana kan kujerar ƙarfe cikin sanyin Adis, maganinta yana cikin akwati, wayar ejan a kashe. Ki duba lambar tikitin ta zama ɗaya, ki sa ya nemi keken guragu kwana 2 kafin tashi, magani kuma a jakar hannu.

Ɗan Bajoga: Amma ta Adis ta fi araha nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ina! Da Sha'aban ya shigo duk farashi ɗaya ne, wani lokacin ma ta fi tsada.

Ɗan Bajoga: Ke fatauci kike zuwa da akwati shida, lissafinki daban.

Hajiya Mai Atamfa: Kai da iyakarka Kano ta Dabo?

Ustaz: An manta da harami. Mai sauka Jidda yana ƙetare miƙati ne a sama, sai a yi wanka a shirya tun a ƙasa, a yi niyya idan an sanar. In da hali ku sauka Madina, Inna ta huta, ku ɗauki harami a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, jirgin ƙasa ya kai ku Makka cikin awa 2 da rabi.

Injiniya B.: Ki kuma ƙara awa 6 na mota zuwa Kano da awa 3 na tantancewa. Ku kwana a Kano.

Alhaji na Pantami: Abin haushin kenan. Ga filin jirgin Gombe a Lawanti yana kwasar alhazai, amma umara sai mun sha ramuka har Kano.

Ɗan Bajoga: Ta Bauchi ko ta Dukku?

Maman Walid: Malam S., a ina ake ganin lambar tikitin?