Neman kalma: me za mu kira "folisi" da Hausa?

Mai tambaya, daga Katsina:
Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, an ba ni wata takarda in mayar da ita Hausa saboda taron manoma da za a yi a Daura kan sare itatuwa, sai na maƙale a kalma ɗaya, wadda 'yan boko ke kira folisi, wato "policy" a Turance. Na san za ku ce "manufa", haka gidajen rediyo suke faɗa tun muna yara. To ga inda ta ƙi. A taken Babi na 2 na Tsarin Mulkin 1999 akwai kalmomi biyu a layi guda: ɗaya tana nufin abin da ƙasa ke son cimma, ɗayar ita ce folisin. In na sa manufa nan, manufa can, sai a sami "manufofin manufar ƙasa". Kuma a babin ne sashe na 20 yake, wanda ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa, don haka ba ni da damar tsallake shi.

Wani ɗalibi:
Yaya, a bar ta folisi mana. Ai mota da kwamiti da gwamna duk aro ne, kuma sun zauna.

Mai tambaya:
Na gwada, ƙanena. Na karanta wa kawuna shafin farko, ya tsayar da ni ya ce, me ya kawo folis cikin maganar itace, kama mu za a yi? In tsoho ya ji 'yan sanda a jimlar farko, an gama taron.

Malamin Hausa, daga Daura:
Larabawa da kalma ɗaya suke kiran folisi da harkar neman mulki, siyasa. Mu ma da can tana da wannan ma'anar ta iya tafiyar da al'amari, shi ya sa ake cewa "bi shi da siyasa". Sai dai yanzu fosta da kamfe sun cinye ta. Ka ce "siyasar muhalli" a kasuwar Mai'adua, za a ɗauka rigimar kwangilar dashen itace kake nufi. Me zai hana a ce doka?

Mai tambaya:
Allah ya gafarta malam, a nan kam ba zan bi ka ba, domin bambancin folisi da doka shi ne abin da nake so manoman su tafi gida da shi. A 1988 aka gano gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, can jihar Delta ta yanzu. A shekarar gwamnatin soja ta yi dokar hana shigo da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Sai a 1989 aka fito da takardar folisin muhalli ta ƙasa, wadda aka sake wa fasali a 1999 da 2016. Dokar, in ka karya ta, alƙali ne zai gan ka. Takardar folisin kuwa ma'aikata ce ke rubuta ta, a kira taron masu ruwa da tsaki a sha shayi, a kai wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince. Ba ta bi ta Majalisar Dokoki, kuma ba a ɗaure kowa don ya saɓa mata. Shi kansa Babi na 2 ɗin, sashe na 6 ya ce ba a kai gwamnati kotu a kansa.

Ga misali na kusa da mu. A Nuwamban 2021 Buhari, ɗan Daura, ya tsaya a taron duniya kan sauyin yanayi a Gilasgo ya ce nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. Wannan manufa ce. Dokar Sauyin Yanayi da ya sa wa hannu a watan, doka ce. Amma zaɓin ko a karkata ga iskar gas, ko ga hasken rana, ko a matsa wa masu gawayi, wannan tsakiyar ce ba ni da sunanta.

Wata ma'aikaciyar rediyo:
Mu a ɗakin labarai in manufa ta ƙi, "tsari" muke sakawa mu wuce, agogo ba ya jira. Amma na yarda ta gaji da kaya: tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin albashi, har tsarin layin famfo. Ni da za a bi tawa, alƙibla. "Alƙiblar gwamnati kan muhalli." Tana da daɗin faɗa a makirfo.

Malamin Hausa:
Hajiya, daɗi kam tana da shi. Amma alƙibla sau ɗaya aka taɓa juya ta, daga Baitul Maƙdis zuwa Ka'aba, kuma da umarnin Ubangiji. Abin da kowane sabon minista ke juyawa kafin ya gama zama kan kujera, ina jin nauyin ba shi wannan suna.

Tsohon malamin daji:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, na yi wannan aikin har na yi ritaya. A zamaninmu abin da ake so shi ne kada hamada ta cinye ƙasar Daura da Jibia, yau ma shi ake so, bai canza ba. Yadda muka bi shi ne mu hana. Gawo ko ɗorawa ko kuka, ko a gonarka take, sai ka nemi takarda kafin ka sare, in ba haka ba tara. Kun san me manomi ya yi? Da ya ga tsiro sai ya tuge shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa malamin daji. Da hannuna na rubuta wa mutane tara, Allah ya yafe mana.

Ku leƙa Maraɗi. Can da aka sakar wa manomi itacen gonarsa ya zama nasa, sai ya riƙa barin kututture ya toho, yana rage masa rassa, abin da suke kira sassaben zamani. Gonaki suka cika da gawo ba tare da an raba dashe ba. Garin da muke son zuwa ɗaya ne da su, turba ce kowa ya ɗauki tasa. Tamu ba ta ɓulle ba.

Mai tambaya:
Baba, ka faɗe ta ba ka sani ba. Turba. Na zauna na gwada ta a jimlolin takardar ɗaya bayan ɗaya. Gwamnati ta shimfiɗa turba kan kare daji. Ma'aikata sun kauce wa turbar. Sabuwar gwamnati ta sauya turba. Masu yin folisi su zama masu shimfiɗa turba. Taken Babi na 2 ya koma "manyan manufofi da ƙa'idojin da ke jan ragamar turbar ƙasa", babu karo. Har aikin nan na katangar itatuwa don tare hamada da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa, ya sami wurin zama: shi shiri ne a kan turba, hukumarsa kuwa doka ce ta kafa ta a 2015.

Wata ma'aikaciyar rediyo:
A tilo ta zauna daram. Jam'in fa? "Turbobin gwamnati" ya yi mini nauyi a baki, kamar ana maganar hanyoyin shanu.

Malamin Hausa:
Jam'in daidai yake, rashin ji ne kawai. Kuma sau da yawa ba ki buƙatarsa, Hajiya: "turbar gwamnati kan noma da kan daji" ta wadatar. Manufa kuma a bar ta a inda take, abin da ake son cimma.

Mai tambaya:
To na sa turba a takardar, na bar manufa ga buri. A karon farko da ta fito na ƙara rabin layi na bayani, daga nan na sake ta ita kaɗai. Gobe bayan la'asar zan koma wurin kawu in karanta masa daga farko. Baba, in ba damuwa, zan so in ba da labarin tsiron gawon nan a wurin taron, ba tare da na ambaci sunanka ba.