Tankin murjani a Kaduna: in fara yanzu ko in jira damina?

Ɗan Malali: Assalamu alaikum jama'a. Shekara uku ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a tankin gilashi mai lita 60. Yanzu raina ya biya in mai da shi na ruwan gishiri, kifi biyu kacal da murjani mai laushi, wato halittar teku mai rai mai kama da fure, don ni hoto ne sana'ata, launin nan ne ya ja ni. Wani mai sayarwa a Legas ya ce in tura kuɗi ya saka min a mota makon nan. Ga shi muna ƙarshen Fabrairu, zafi ya fara leƙowa. Inbata ƙarama gare ni da batir ɗaya, ɗakin kuma fanka ce kawai. In fara yanzu ko in haƙura sai damina ta sauka? Wanda ya taɓa yi a garin nan nake so ya ba ni amsa.

Mai Tarwaɗa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kawo kuɗin nan mu zuba tarwaɗa a tankin roba, wata biyar ka kwashe. Kifin da ba ya shiga miya, me za ka yi da shi?

Alhajin Barnawa: Yaro, zauna ka ji. Ni ma a Maris na fara, shekaru biyu da suka wuce. Motar dare ta kawo min kifi huɗu a leda, ɗaya ya riga ya mutu tun a hanya, mai sayarwa ya ce laifin direba ne, direba ya ce shi kwali aka ba shi. Sauran ukun suka zauna lafiya, murjanin ya buɗe, har maƙwabta suna turo yara kallo. Cikin Afrilu tiransifomarmu ta ƙone. Inbata ta riƙe famfon kwana ɗaya ta mutu. Na tada janareto, sai ga ma'aunin zafi yana nuna 32. Na ruga na sayo ƙanƙara na jefa a ciki tsirara, ban san narkewarta za ta tsinka gishirin ba. Kwana na uku da asuba na dawo daga masallaci na tarar da ruwan ya yi fari kamar tsarin kamu, falo yana warin bakin kogi. Murjanin ya narke, kifin suna kwance. Uwargida ba ta ce komai ba, sai da yamma ta tambaye ni ko za ta iya ajiye albasa a tankin. Yana nan, albasar ce a ciki har yau. Sama da dubu ɗari shida na zuba a wannan abin.

Maman Biyu: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma Hajiya ta burge ni wallahi.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba ƙanƙara kaɗai ta yi ɓarnar ba. Da famfo ya tsaya, iska ta ƙare a ruwan, ruwa mai zafi kuma dama ba ya riƙe iska sosai. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26, in ya daɗe a 30 zai fara kore ƙananan tsiran da ke cikin jikinsa, waɗanda su ne abincinsa kuma su ne launinsa. Ɗan Malali, ko kifi ɗaya kada ka karɓa makon nan. Ana haɗa ruwa da duwatsu a bar su mako 4 zuwa 6 tukuna, har ƙwayoyin da ke cinye gubar kashin kifi su hayayyafa. Gishirin ma ba na girki ba ne, na musamman ne, kimanin giram 35 a kowace lita, ma'aunin gishiri ya nuna 1.025. Ruwan kuma tatacce, ba na rijiyar burtsatse kai tsaye ba. In ruwa ya ragu, tataccen zalla za ka ƙara, don gishiri ba ya bin tururi.

Alhajin Barnawa: Injiniya, ka taɓa ajiye shi a Kaduna ko karatu ne?

Injiniya: Shekara biyu na riƙe tanki lokacin ina karatu a Malesiya.

Alhajin Barnawa: To Malesiya ba Barnawa ba ce. Ya ce wanda ya yi a garin nan.

Ɗan Kawo: Alhaji ai kai ma da ka yi a garin nan albasa ka girba. Kuma dubu ɗari shida ta yi yawa. Ni duka kayana ba su kai dubu ɗari biyu da hamsin ba, tankina na nan wata tara.

Alhajin Barnawa: Yaushe ka saya? Kayan nan da dala ake shigo da su. Kuma wata tara ba ka ga Afrilu ba tukuna, mu haɗu bayan Sallah.

Maman Biyu: Ni na tambayi kuɗin na'urar sanyaya ruwan kaɗai, abin da aka faɗa min ya fi kuɗin firij ɗina. Nan na ce a bar ni da kifin zinare.

Anti Mai Kyamara: Tunda don hoto kake so, bari in rage maka wahala. Fitilar murjani shuɗiya ce, waya kuma ruɗewa take yi, komai ya fito kamar an jiƙa shi a bula. Akwai ɗan gilashi mai ruwan lemo da ake maƙala wa a idon waya, shi yake dawo da kore da ja. In kyamara ce, ka saita daidaiton farin launi (white balance) da hannunka. Ka kashe fitilar ɗaki, ka goge gilashin ciki da waje, ka tsayar da famfo na minti biyu ruwa ya natsu, sannan ka fuskanci gilashin sak, in ka karkace hoton zai yi dishi-dishi. Kada ka kunna filasha. Ni tankin wani na ɗauka a Abuja, ba nawa ba ne, kafin Alhaji ya tambaya.

Mai Tarwaɗa: Tarwaɗa ba ta buƙatar gilashin lemo. Ko a duhu ka ɗauke ta, tarwaɗa ce.

Ɗan Kawo: Gaskiya sirrin sola ce. Famfo da fanka ƙarama a saman ruwa ba sa cin wuta, fankar tana sauke digiri biyu, sai dai ruwa ya riƙa raguwa da sauri. Wanda ya dogara da wutar gari ya shiga uku. Tun da aka kai kuɗin wutar layin Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 aka ce awa 20 a rana za mu riƙa samu, ni dai ban ƙirga ta cika ba a layinmu.

Alhajin Barnawa: Kai kana da mita ma. Mu watan da tiransifomar ta ƙone, kwana goma sha ɗaya babu wuta, bil ya zo cif kamar kullum. Kuma gida-gida aka bi aka karɓi kuɗin gyara.

Maman Biyu: Mu sau biyu aka karɓa a Tudun Wada. Na biyun wai na mai ne.

Ɗan Malali: Na gode jama'a. To batun damina fa? Mutumin Legas ya kira sau uku yau.

Alhajin Barnawa: Maman Biyu, nawa aka karɓa a gidanku? Mu dubu biyar-biyar ne, kuma har yau ba wanda ya ga rasit.