Bos ya fi ganin girman maƙiyinsa ko yaronsa?

Maman Hanif: Jama'a ku taya ni dubawa. A labarin da nake rubutawa bos ɗina Gagare ya kama jarumin da ya hana shi barci shekara 7, sai na sa ya kwance masa igiya da hannunsa har ya ba shi ruwa, amma Ilu yaronsa da ke binsa tun yana ƙarami kuskure ɗaya ya yi ya ce a harbe shi. Ni dai a ganina haka mugu yake, wanda ya iya tsaya masa shi yake ganin girmansa.

Usman Bolari: Gaskiya Anti ban yarda ba. Mugu mai wayo baya wasa da yaransa, su ne idonsa su ne ƙafarsa, kuma sauran suna kallo fa, in ya kashe Ilu gobe wa zai tare masa harsashi?

Malam Sani Pantami: Usman je filin dambe ka gani. Ɗan dambe har ya tsufa yana faɗin sunan wanda ya kai shi ƙasa, mai riƙe masa ruwa kuwa sai an tuna masa.

Hauwa Jekadafari: Ba sai an je dambe ba Malam, mu nan Gombe wa bai ga 'yan kalare, 'yan bangar siyasa, ba? Ɗan maƙwabtanmu an sare shi a kafaɗa lokacin zaɓe saboda ubangidansa, uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta ta biya asibiti, mutumin ko leƙowa bai yi ba wallahi, bayan an gama sai ga hotonsa da abokin hamayyar suna cin abinci kwano ɗaya suna dariya. Har yau abun yana min ciwo.

Usman Bolari: Allah ya saka masa. Amma wannan lissafi ne Hauwa, tsoro ne ya sa ya zauna da shi, ba girmamawa ba.

Maman Hanif: To ai wurin da nake so kenan. Ilu kullum kansa a ƙasa, ranka ya daɗe ranka ya daɗe, Gagare bai ma san kalar idonsa ba. Jarumin kaɗai ke kallonsa ido cikin ido ya ce masa ƙarya kake.

Usman Bolari: To ki bar min Ilu da rai don Allah. Ki tsayar da shi a bakin ƙofa ya ga ruwan nan da aka miƙa wa jarumin, babi na gaba daga bakinsa nake son ji.

Maman Hanif: Shi ma zan sa ya ɗebo ruwan.