Bakanike ya ce a fasa indomin Camry, a yarda?

Sabo_Dorayi:
Salamu alaikum masana. Camry ce ta 2008 mai silinda huɗu. Ta daina ja a tudu, ko an taka totur sai gurnani, wutar cek a kunne. An jona mata kwamfuta ta nuna P0420. Bakanike ya ce a fasa indomin salansa, wato matatar hayaƙi, a zubar, wai dokar Turawa ce kawai, ba ta da amfani a nan. Gaskiya ne?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sabo. Rabin maganarsa gaskiya ce. Doka ce ta kawo ta: Amurka ta fara da motocin 1975, Turai ta bi da ƙa'idar Euro 1 a 1992. Amma cewa ba ta da amfani, a'a. Abin da ke ciki tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, platinum, palladium da rhodium. In ya yi zafi yana mayar da iskar carbon monoxide da ɗanyen fetur zuwa hayaƙi marar guba sosai.

P0420 ba ta nufin ta toshe, tana nufin ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata. Toshewa kuwa gwada ta ake yi. A kwance sensar iska ta gaba, wadda ke kafin indomin, a ɗaura gejin matsi a ramin. Inji a kunne ba a taka totur ba, kada ya wuce psi 1.5 (ma'aunin matsi a gejin), a juyin inji 2,500 a minti kada ya wuce 3. In babu geji, a bar ramin a buɗe a ɗan zagaya da ita na minti biyu. Za ta yi ƙara, amma in ƙarfinta ya dawo to ta toshe.

Sai dai indomi ba ta mutuwa haka kawai, kashe ta ake yi. Injin 2AZ-FE na Camry 2007 zuwa 2009 sananne ne da shan baƙin mai saboda ringin fistin, kuma tokar man ce ke like ramukan. Auna man, yi kilomita 2,000, sake aunawa. In ya ci lita guda, ko sabuwa ka saka za ta bi ta farko. A duba fulogi da kwayil ma, domin silindar da ba ta ƙona fetur ɗinta tana tura shi salansa, ya kama da wuta a can har tangaran ya narke. Wutar cek mai ƙiftawa wannan take faɗa.

Alhaji_Kwatano:
Injiniya ya gama magana, ƙari ɗaya kawai. Ka tambayi bakaniken ina zai kai garin da ya fasa. Ba zubarwa ake yi ba, masu saye suna nan da sikeli. A 2021 oza ɗaya ta rhodium ta haura dala 25,000 a kasuwar duniya. In dole sai an cire, ka tsaya a wurin, kayanka ne.

Habu_Waya:
Ranka ya daɗe Injiniya, ni a batun shan fetur nake da gyara ga abin da mutane ke yaɗawa. Ana cewa da an cire indomi mota za ta riƙa zuƙar fetur. Sensar gaba ce ke gaya wa kwakwalwar mota yawan fetur ɗin da za ta fesa. Ta baya aikinta sa ido a kan indomin, ɗan gyaran da take yi kaɗan ne. Abin da ke jawo shan fetur ɗin yawanci aikin banza ne: mai walda ya bar ƙofa kusa da sensa, iska ta shiga, kwakwalwa ta ɗauka fetur ya yi kaɗan ta ƙara. Ko a ƙona wayar sensar.

Babbar asarar ita ce wutar cek za ta zauna a kunne har abada, ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba za ka sani ba. Ga hayaƙin da na bayanka zai shaƙa a cunkoso, kuma carbon monoxide ba ta da wari.

Injiniya_Bala:
Haka ne Habu. Kuma mu ma muna da dokar, hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, ta fitar da ƙa'idar hayaƙin motoci tun 2011, gwajin ne bai yaɗu ba. Malam Sabo, in za ka sayi ta Beljiyam, haska tocila ta bakinta ka ga ramukan a buɗe, ka girgiza ta. In ta yi kacau-kacau, a fashe take.