Masu soja a gida: ya kuka yi da shi bayan ya dawo daga filin daga?

Yayar Kofur, Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya dawo daga Borno, an sallame shi saboda raunin da ya samu a ƙafa. Alhamdulillahi da ransa ya dawo, amma ba ya barcin dare, ba ya son taro, ko ƙofa yara suka buga da ƙarfi sai ya zabura. Hajiyarmu ta ce a dage da rubutu da tofi, Kawu ya ce aure za a yi masa ya nutsu. Don Allah wanda ya taɓa zama da irinsa ya faɗa mana abin da ya gani.

Jikan Ɗan Bama, Fagge: Wa alaikumus salam. Wannan abu ya daɗe. Kakana yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama, wato Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu, a runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japanawa a cikin daji. Bayan an gama yaƙin a 1945 ya dawo, daga baya ya kama gadi a wata masana'anta a Bompai. Mu a gida bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba, lambobinsa ma a gwangwani ya zuba su. Amma da zarar wani tsoho abokin tafiyarsa ya zo zaure, sai ka ji dariya har waje. Ku nemo masa waɗanda suka sa kaki tare.

Uwargidan Samanja, Rijiyar Zaki: 'Yar uwa, ni zan ba ki labari. Maigidana ya je Laberiya da rundunar ECOMOG, ta kiyaye zaman lafiya a Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya aka tura su Saliyo. Da ya dawo, lokacin da ya fi wahalar mana shi ne Sallah. Ranar Hawan Daushe 'yan bindigar Sarki suna fara harbi, mutumin nan sai gumi ya keto masa, ya rasa inda zai sa kansa. Sai muka riƙa tafiya ƙauye wajen iyayensa tun jajibiri. Kada a taɓa shi yana barci, a tsaya bakin ƙofa a kira sunansa. A majalisa ki lura, zai zaɓi inda bayansa ke jikin bango yana fuskantar hanya, a bar masa wurin. Kuma a ja kunnen samarin gida, don akwai mai bakin da zai tambaye shi mutum nawa ya kashe. Maganar aure kuwa, ki roƙi Kawu ya dakata. Ni da 'ya'ya na tare da shi ma da ƙyar na iya, balle yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Mun sha addu'a, kuma mun ga likitan ƙwaƙwalwa, barcinsa bai daidaita ba sai da aka haɗa biyun. Akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Sai dai ki san yadda za ki faɗa masa, don soja yana jin Dawanau zai ce kun mai da shi mahaukaci.

Malamin Islamiyya, Gwale: Uwargida ta yi gaskiya. Hajiya ta ci gaba da tofinta, a kuma je asibiti, neman magani ba ya kore tawakkali.

Saje mai ritaya, Janguza: Ƙanwata, gaishe min da Kofur. Duk 15 ga Janairu muna goge takalmi mu fita bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. A ajiye furanni, a busa bigila, a saki tantabaru. Ina son ranar, ban raina ta ba. Amma washegari kowa ya koma da matsalarsa. Abin da zai ci muku rai shi ne takardu. Takardar sallama, lambar aikinsa, rahoton likita kan raunin, lambar NIN da BVN, duk a yi musu kwafi a ajiye wuri biyu, a tabbatar sunansa iri ɗaya ne a ko'ina. Ni harafi ɗaya ya bambanta a sunan mahaifina, sai da na yi ta zarya kafin fansho ya fara shigowa. A duba wanda ya rubuta a matsayin magaji tun yana kurtu. Ya yi rajista da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Lijiyon, can zai riƙa jin lokacin tantancewa. Idan garatuti ya fito, 'yan uwa da masu “kawo a juya maka” za su yi layi. Na ga wanda nasa ya ƙare kafin shekara ta zagayo.

Ɗan Kwari: Ranka ya daɗe Saje, bari in faɗi wadda ba a so. Bayan harin da Boko Haram ta kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012, mu da muka riƙa sauka muna tura babur a shingayen bincike, da yawanmu mun ƙullaci masu kaki. Shi ya sa wani sojan zai dawo unguwa ko sannu da zuwa ba a yi masa ba. Ni ma haka nake har na ɗauki wani tsohon soja ya riƙe min sito. Tun da ya kama, yadi ɗaya bai taɓa ɓata ba, kuma kafin in iso ya buɗe. Matsalarsa ɗaya, ba ya jure cinikin ja-in-ja, don haka ba na barin sa da kwastoma.

Saje mai ritaya: Alhaji, ban musa ba, an yi abubuwa a lokacin, mu ma mun binne namu. Abin da ka yi wa mutumin nan shi muke nema. Mutane sun ɗauka gadi kaɗai tsohon soja ya iya, alhali a cikinmu akwai direbobi, makanikai, masu haɗa wutar lantarki da ma'aikatan jinya. Akwai ma cibiya a Oshodi da ke Legas da ake koya wa masu shirin ritaya sana'a. Yayar Kofur, ki tambaye shi wane sashe ya yi aiki. In direba ne kuma ƙafar hagu ce ta samu rauni, mota mai giya da kanta ba ta buƙatar kuloci.